Mece ce ma'anar "yankin yaɗuwa" a ilimin halittu?

Idan masana suka ce "yankin yaɗuwar" wata dabba, suna nufin faɗin wuraren da ake samunta a doron duniya, daga inda ta fara zuwa inda ta tsaya. Mutane kan haɗa shi da mazauni, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Mazauni shi ne irin wurin da dabbar ke zama, kamar ƙarƙashin dutse ko cikin laka. Yankin yaɗuwa kuma magana ce ta taswira.

Akwai wani ɗan dodon koɗi na teku marar ɓawo, mai launin ruwan hoda, wanda tsawonsa bai wuce santimita 3 ba. Masana sun fi saninsa da Okenia rosacea, kuma tun 1905 aka fara bayaninsa a rubuce. Mazauninsa shi ne duwatsun bakin teku, inda ruwa ke cikowa ya rufe su, ya kuma janye ya bar ƴan kududdufai. A nan yake cin wata halitta mai launi irin nasa da ke manne wa dutse. Yankin yaɗuwarsa kuwa gaɓar tekun Fasifik ce, daga Baha Kalifoniya ta Meziko zuwa jihar Oregon ta Amurka.

To amma ba ko'ina yake da yawa ba a wannan tsakanin. Ya fi son kudu, inda ruwa ke da ɗumi. Arewa da birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya ta Amurka sai jefi-jefi. Babban ba ya tafiya mai nisa, jan ciki kawai yake yi. Ƴaƴansa ne matafiya: da an ƙyanƙyashe su sai su bi ruwa, igiya ta kai su inda ta ga dama. Idan suka sauka inda sanyi ya yi yawa, ko babu abinci, shi ke nan.

Shi ya sa iyakar ke motsi. A 2014 da 2015 ruwan wannan gaɓa ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, sai ga su birjik a kududdufan arewacin Kalifoniya, har aka gan su a Oregon. A ganina, layin da ake ja a taswira ya kan nuna inda mutane suka duƙa suka duba ne a lokacin da ruwa ya janye, kuma gaɓar da ke kusa da jami'a ta fi samun masu dubawa.