Faɗuwar jirgi mara matuƙi mai farfeloli a tashin farko

Faɗuwar tashin farko hatsari ne da ke samun ƙaramin jirgi mara matuƙi mai farfela huɗu, shida ko takwas a ranar da aka fara ɗaga shi, galibi cikin daƙiƙun farko, wani lokaci ma tun ƙafafunsa ba su gama barin ƙasa ba. An fi ganin ta a jiragen da mutum ya sayi kayansu ɗai-ɗai ya harhaɗa da hannunsa. Waɗanda ke fitowa a haɗe daga kamfani, irin su DJI, ba su cika yin ta ba, domin an riga an gwada su kafin su shiga kwali. Mafi yawan musabbabanta suna faruwa ne tun a teburin haɗi: waya a inda ba wurinta ba, farfela a kan injin da ba nata ba, ko allon sarrafawa da aka ɗaura yana kallon wani gefe. Kusan dukkansu ana iya gano su a ɗaki, ba tare da an ɗaura farfela ko ɗaya ba.

Yadda jirgin ke tsayuwa a iska

Jirgi mai farfeloli ba ya iya tsayuwa da kansa. Jirgin sama mai fukafukai idan aka ƙera shi da kyau yakan miƙe ko an sake shi, amma wannan da an bar shi sai ya karkata. Abin da ke riƙe shi ƙaramin allo ne da ake kira ƙwaƙwalwar jirgi, wanda ke ɗauke da jairo mai auna saurin juyawa da kuma ma'aunin hanzari mai gane inda ƙasa take. Allon yana karanta su, ya lissafa, ya umarci kowane inji ya ƙara gudu ko ya rage. Manhajar ArduPilot tana maimaita wannan lissafi sau 400 a daƙiƙa, Betaflight kuwa tana iya kaiwa sau 8000. Aikin ya yi kama da na mai ɗauke da tulu a ka, wadda wuyanta ke gyara kullum ba tare da mai kallo ya lura ba.

A jirgi mai farfela huɗu, biyu suna bin hannun agogo, biyu suna saɓa masa, kuma waɗanda ke fuskantar juna a kusurwa su ne ke juyawa gefe guda. Da haka murɗin da kowace ke yi wa gangar jirgin yake kashe na 'yar'uwarta. Hatsarin yana nan: ƙwaƙwalwar ba ta ganin injinan. Ta yarda ne kawai cewa inji na ɗaya yana inda aka ce mata yake. Idan jirgin ya karkata dama ta ƙara wa injin da take zaton na dama ne wuta, alhali na hagu ne, karkatar sai ta ƙaru, ita kuma ta ƙara wuta, har jirgin ya kife cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Gyaran ne da kansa ke kayar da shi.

Tarihi

Matsalar ta girmi lantarkin zamani. A 1907 'yan'uwa biyu, Louis da Jacques Breguet, tare da Farfesa Charles Richet, sun gwada wani jirgi mai manyan farfeloli a kusurwa huɗu a garin Douai na Faransa. Majiyoyi sun saɓa a kan ranar, wasu su ce Agusta wasu Satumba, amma sun haɗu a kan cewa ya ɗaga sama da rabin mita kaɗan, kuma sai da mutane suka riƙe shi ta kowace kusurwa don kada ya kife. A Disamba 1922 jirgin George de Bothezat, wanda rundunar sojan Amurka ta ɗauki nauyinsa, ya tashi a filin McCook da ke Dayton. Ya yi tashi da dama a ƙasa-ƙasa, amma wahalar tuƙinsa da sarƙaƙiyar injinsa suka sa aka watsar da aikin wajajen 1924. A wannan shekarar ce, cikin watan Mayu, Bafaranshe Étienne Oehmichen ya kewaya kilomita guda da nasa jirgin, wanda sai da aka ƙara masa ƙananan farfeloli takwas domin juyi da daidaito. Hannun ɗan'adam ba shi da saurin daidaita farfela huɗu a lokaci ɗaya, shi ya sa jirgi mai saukar ungulu mai babbar farfela guda ya mamaye fagen shekaru masu yawa.

Abin ya dawo ne bayan ƙananan na'urorin auna motsi sun yi araha saboda wayoyin hannu da kayan wasan bidiyo. MikroKopter, wani ƙaramin jirgi mai farfeloli, ya fito a Jamus wajajen 2006. Chris Anderson ya kafa dandalin DIY Drones a 2007, inda ArduPilot ta samo asali. A Zurich ta Suwizalan, aikin ɗalibai da Lorenz Meier ya jagoranta a jami'ar ETH ya haifar da allon Pixhawk da manhajar PX4. Wajajen 2010 aka sami manhajar MultiWii, wadda sunanta ya fito daga na'urorin da ake cirowa daga rimot ɗin wasan Nintendo Wii. Daga zuriyarta aka sami Baseflight, sai Cleanflight, sai Betaflight wajajen 2015. Waɗannan manhajoji ba su zo da tsarin lambar injina iri ɗaya ba, ba a taɓa haɗuwa a kan guda ba, kuma wannan gadon ne har yau ke karya farfelolin sababbin masu haɗi. Kifewar ta yi yawa har sai da masu Betaflight suka saka kariya a fitowa ta 3.3, wajajen 2018, wadda ke kashe injina da kanta idan ta ga jirgin yana ƙara karkata maimakon ya miƙe.

Kifewa nan take

Idan jirgi ya kife da zarar an ɗaga totur, abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko jerin injina. A Betaflight inji na 1 shi ne na baya dama, na 2 gaba dama, na 3 baya hagu, na 4 gaba hagu. A ArduPilot, a jirgin da hannayensa suka yi siffar X, na 1 gaba dama ne, na 2 baya hagu, na 3 gaba hagu, na 4 baya dama. Wanda ya bi zanen wannan ya ɗora manhajar waccan, jirginsa ba zai tashi ba. Akwai kuma tarko a shafin gwajin injina na Mission Planner, manhajar kwamfuta da ake saita ArduPilot da ita: yana kiran su da haruffa A, B, C, D, yana farawa daga gaba dama yana bin hannun agogo, kuma haruffan ba su yi daidai da lambobin ba.

Na biyu gefen da kowane inji ke juyawa. Injin da ake amfani da shi yana da waya uku, kuma musanya kowane biyu daga ciki yana juya shi baya. Ana iya yin hakan ta manhajar na'urar da ke ba shi wuta, wato ESC. Ɗan yankin takarda ko taɓawa da yatsa a hankali ya isa a gane gefen da yake juyawa.

Na uku farfela. Akwai wadda aka ƙera don juyawa dama, akwai ta juyawa hagu. Idan aka sa ta juyawa hagu a injin da ke juyawa dama, iska za ta tura sama, ta danne wannan kusurwa ƙasa. Wadda aka kifa, rubutunta yana kallon ƙasa, ba ta sauya gefen turi, amma ƙarfinta yana raguwa sosai.

Na huɗu fuskar allon. Yawancinsu suna da kibiya da ya kamata ta kalli gaba. Masu haɗi sukan juya allon don kafar kebul ta samu hanya, sai su manta ba su gaya wa manhaja ba. Gwajin mai sauƙi ne: a haɗa da kwamfuta, a duƙar da hancin jirgin, a ga ko hoton da ke kan allo ya duƙar da nasa.

Akwai wani yanayi na daban da jirgin ba ya kifewa, sai dai ya riƙa juyi a wuri ɗaya da gudu mai ƙaruwa, wani lokaci yana hawa sama. Wannan yakan nuna cewa injina da farfeloli sun dace da juna, amma dukkansu suna juyawa saɓanin abin da manhaja ke tsammani. Ko farfelolin gaba su juya ciki ko waje, masu harkar ba su daina musu ba. Duka biyun suna tashi, muddin an sanar da manhaja.

Rimot

Tashoshin rimot, wato hanyoyin da umarnin kowace sanda ke bi zuwa jirgi, ba su da jeri ɗaya a kowane kamfani, don haka sandar totur tana iya faɗawa a tashar karkata. Tashar gaba da baya takan zo a juye, musamman a ArduPilot. Dole kuma a gwada abin da jirgin zai yi idan sadarwa ta yanke, ta hanyar kashe rimot alhali injina na juyawa babu farfela.

Girgiza da kamfas

Jirgin da ya tashi lafiya sannan ya ɓaci bayan an sa shi ya riƙe tsayi ko wuri da kansa, matsalarsa ta na'urorin aunawa ce. Farfela mai lanƙwasa, inji mai karkataccen ƙarfe ko allon da aka ɗaure tamau a jikin firam suna cika ma'aunin hanzari da girgiza, har jirgin ya zaci faɗuwa yake yi ya harba sama. Bayanan ArduPilot sun nuna cewa girgizar da ba ta kai 30 a ma'auninsu ba galibi ba ta da illa, wadda ta haura 60 kuwa kusan kullum tana kawo matsala.

Kamfas yana ruɗewa idan yana kusa da manyan wayoyin batir, domin wutar da ke bi cikinsu tana haifar da maganaɗisu, kuma abin yana ƙaruwa da ƙaruwar totur. Alamarsa sananniya ce: jirgin ya riƙa kewaye, da'irar tana faɗaɗa a kowane zagaye. Saboda haka ake ɗora kamfas da GPS a kan sanda nesa da wayoyi, kuma ba a saita shi kusa da mota ko a kan daɓen kankare mai rodi. Tashin farko ya fi dacewa a yi shi a yanayin da mai tuƙi ke riƙe da totur da hannunsa, ba tare da dogaro da tauraron ɗan'adam ba.

Wuta da nauyi

Batirin LiPo da waɗannan jirage ke amfani da shi haɗi ne na ƙananan batura da ake kira ɗakuna, kowane ɗaki yana cika a volt 4.2, kuma masu tuƙi sukan sauka idan ya kusa 3.5. Tsohon batir ko ƙarami yana nuna cika a ƙasa, amma da injina sun ja wuta sai ya zube, har allon ya mutu ya sake kunnuwa a sama. Haɗin dalma mara kyau yana yin irin wannan. Haka ma kusar ɗaure inji idan ta yi tsayi, takan taɓa naɗin tagulla ta ƙona shi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce jimlar turin injina ta ninka nauyin jirgi sau biyu, yadda zai tsaya a iska a rabin totur ya bar sarari na gyara. Zafi da tudu suna rage kaurin iska, su rage turi. ESC na tsohon tsari yana bukatar a saita shi, in ba haka ba injina ba za su tashi tare ba. Sabon tsarin sigina mai suna DShot ba ya bukatar wannan.

Jirgi mai farfela huɗu idan ya rasa inji ɗaya faɗuwa yake yi, mai shida kuwa sau da yawa yana iya sauka. A 2014 Mark Mueller da Raffaello D'Andrea na ETH sun nuna cewa mai huɗu ma yana iya zama a sama idan aka bar shi ya riƙa juyi, amma manhajojin da masu haɗi ke amfani da su ba su saba zuwa da wannan ba.

Bincike bayan faɗuwa

Abu na farko a kashe injina a cire batir. Batirin da ya lotsa, ya kumbura ko ya huje ba a sake yi masa caji, a ajiye shi waje a kan yashi nesa da abin da ke cin wuta, domin yana iya kamawa bayan wani lokaci. Kafin a kwance komai yana da kyau a ɗauki hoton jirgin yadda yake, saboda da an cire farfeloli shaidar wadda ke kan wane inji ta tafi.

Daga nan sai rajistar tashi, wato bayanan da ƙwaƙwalwar jirgin ke ajiyewa yayin tashi. Betaflight tana da Blackbox, ArduPilot tana ajiye nata a katin ƙwaƙwalwa, PX4 kuma tana da Flight Review. Abin da ake nema shi ne inda umarni da abin da ya faru suka rabu. Idan layin karkatar da aka nema da na wadda aka samu suna tafiya tare har zuwa ƙasa, jirgin ya bi umarni ne, sai a koma ga mai tuƙi ko ga rimot. Idan sun rabu, a duba umarnin injina: wanda aka tura ƙarshen gudunsa alhali na kusurwar da ke fuskantarsa gudunsa ya ragu sosai, shi ne ya gaza, ko injin, ko ESC ɗinsa, ko farfelar ta kwance. Rajistar da ta yanke kwatsam jirgi yana sama tana nuna yankewar wuta. Wahalar binciken ita ce rarrabe abin da ya jawo faɗuwa da abin da faɗuwar ta karya, domin wayar da aka tarar a tsinke tana iya zama kowanne daga ciki. Lokacin da rajista ta nuna shi ne ke raba gardama.

Ɗaure jirgi da igiya ko riƙe shi a hannu yayin gwaji abu ne da ake saɓani a kai. Igiya tana ruɗa lissafin allon, riƙewa kuma ta sha yanka hannaye. Idan an zo sake tashi, a ɗaga shi kai tsaye zuwa kamar mita ɗaya, domin dab da ƙasa iskar da yake turawa tana dawo masa ta sa shi tangaɗi, sababbin masu tuƙi kuma su zaci wata matsala ce.

Doka

A Amurka, mai tuƙin kasuwanci dole ya kai rahoto ga hukumar FAA mai kula da sufurin sama cikin kwana 10 idan hatsarin ya ji wa wani mummunan rauni ko ya yi ɓarnar dukiya da ta haura dala 500, ban da jirgin kansa. A Najeriya, a 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tashin jirgi mara matuƙi.