Masu tambayata kan kallon balen, ga amsa

Ƴan uwa na Damagaram, tambayoyin nan dai su ne kullum kan fita teku kallon balen, ƙatuwar dabbar nan mai feshin ruwa. A karanta, a daina kirana da tsakar dare.

Kifi ce?

A'a. Haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta, kuma dole ta taso sama ta shaƙi iska. Feshin nan numfashinta ne.

Ba za ta haɗiye mu ba?

Haba Alhaji! Ko haƙori ba ta da shi. Geza ce a bakinta, da ita take tace ƙananan kifaye da jatan lande. Kwantar da hankalinka.

A ina ake ganinta?

Ba a tabkin Gidimuni ba dai. Balen iri-iri ce. Wadda ake kira mai doro tana tasowa daga ruwan ƙanƙara na kudancin duniya, ta zo ruwan ɗumi na gaɓar Benin da Togo da Gabon ta haihu. Ku masu zuwa Kwatano sayen mota, a bayan tashar jiragen nan take wucewa, ba ku sani ba. Doguwar kuwa, wadda Faransawa ke kira rorkal, ana fita kallonta a Bahar Rum, tsakanin Faransa da Italiya da Monako, inda aka keɓe wa irin waɗannan dabbobi yanki tun 1999.

In na biya kuɗin jirgin ruwa, lalle zan gani?

To, a nan ne ake rigima da ni. Babu lalle. Wanda ya ce maka akwai, aljihunka yake kallo. Da farko lokaci: a Kwatano, daga Agusta zuwa wajen Oktoba ko farkon Nuwamba ne, a Gabon kuma tun Yuli. Ka je a Maris, ruwa kawai za ka kalla. Ko a cikin lokacin ma, in iska ta tashi teku ya yi kumfa, feshin yakan ɓace wa ido, wani lokaci ma a fasa fitar gaba ɗaya. Don haka kada ka ware rana ɗaya tak, bar kwana biyu ko uku a hannu. Sannan me kake nufi da "gani"? Mai doro, mai tsawon mita 15 ko kusa da haka, takan yi tsalle ta faɗo, ta ɗaga jela, amma ba don kai take yi ba. Doguwar ta fi mita 20, ita ce ta biyu a girma a duniya, sai dai ba ta cika nuna jela ba. Feshi za ka gani, sai baƙin baya kamar dutsen Birni ya ratsa ruwa ya nutse. Wasu sun dawo suna cewa an cuce su. Ba a cuce su ba. Kafin ka biya, tambayi mai jirgi ko yana sake fita da mutum kyauta in ba a ga komai ba. Wasu na yi, wasu ba sa yi.

Ita ce ta Annabi Yunusa?

Wannan ta malamai ce, ba tawa ba.

Me ya sa direba ba ya matsawa kusa in ɗauki hoto?

Don yana da hankali. A wurare da yawa ƙa'ida mita 100 ce, kuma uwa mai jego ba a takura mata. Ku daina yi masa ihu.

Amai fa?

Za ka yi, Bazindare. Sha maganin jiri kafin a tashi, ka zauna a tsakiyar jirgi, ido a nesa, kuma kada ka cika ciki da fura da safe.