Ƙungiyoyin Masu Ɗaukar Hoto da Gasar Wankakken Hoto: Tambayoyi da Amsoshi

Me ƙungiya za ta ƙara wa mai situdiyo a Bauchi wanda cinikinsa ke tafiya?

Babban abin da za ta ba shi shi ne idon abokan sana'a. Mai biki yakan yaba hoto don ya ga kansa a ciki, amma wanda ya daɗe da kyamara a hannu zai nuna maka inda haske ya yi yawa, da inda ka yanke ƙafar doki. Wannan al'ada tsohuwa ce, domin tun 1853 aka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto da a yau ake kira Royal Photographic Society a Landan saboda irin wannan musayar ilimi. Ga kuma daidaita farashi da sasanta rikici tsakanin mambobi.

Mece ce gasar wankakken hoto?

Gasa ce da ake wanke hoto a takarda, a manna shi a kwali mai kauri, galibi mai girman inci 16 da 20, sannan alƙalai su dube shi ƙarƙashin fitila ba tare da sanin mai shi ba. Ƙungiyar ƙwararrun masu ɗaukar hoto ta Amurka, wato PPA, tana auna hoto da sharuɗɗa 12, ciki har da yadda ya kama ido a kallon farko, da tsarinsa, da haske, da launi, da labarin da yake bayarwa. A tsarin da aka daɗe ana bi, maki 80 cikin 100 ne matakin cancanta.

Me ya sa hoton da ya yi kyau a waya yake lalacewa a takarda?

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Fuskar waya tana fitar da haske daga cikinta, ita kuwa takarda sai abin da ya faɗo mata, shi ya sa hoto yakan fito da duhu fiye da yadda aka gan shi. Ɗauki misalin hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, rana tana tsaka: mahayi ya sha farar babbar riga da rawani, fuskarsa tana cikin inuwa. A waya ba ka ganin aibu, amma da an wanke sai ka tarar aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari fat, fuskar kuma ta dushe. Haka nan ƙurar hunturu da ta shiga kyamara takan bar ɗige-ɗige a sararin samaniya, waɗanda ba sa bayyana sai an faɗaɗa hoton.

Sai batun girma. Don a wanke inci 16 da 20 da kaifi sosai, ana son fiksel, wato ƙananan ɗigon da suke haɗa hoto, kusan 4,800 da 6,000. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi, don haka a kai wa mai wanki ainihin fayil ɗin a filasha, a fara da ƙaramin gwaji kafin a biya kuɗin babba.

An yarda a gyara hoto da kwamfuta?

Ya danganta da rukunin da aka shiga. A hoton situdiyo an yarda da gyara mai yawa, amma a hoton labarai ba a cire komai, ba a ƙara komai. Gasar hoton labarai ta World Press Photo, wadda aka fara a 1955 a ƙasar Holan, tana neman ainihin fayil ɗin kyamara domin ta kwatanta shi da abin da aka aiko.

Ana buƙatar izinin wanda ke cikin hoton?

Lallai kuwa, musamman hoton amarya da na yara. Wanda ya biya ka domin bikin 'yarsa bai ba ka damar rataye hotonta a baje koli ba, sai ka koma ka nemi yardarsu, a rubuce in da hali.