Yawon hawan dutse da kare a yankin Lake District na Ingila

Yawon hawan dutse da kare al'ada ce ta fita shan iska a ƙafa, mutum ya ɗauki karensa su bi hanyar tsauni ko bakin tafki ko tuddan gindin dutse, wani awa biyu ya dawo, wani kuma sai ya wuni. Ba farauta ake ba, ba kiwo ake ba, ita tafiyar ce abin nema. Mu da muka saba ganin kare a ƙofar gida yana gadi ko a bayan mafarauta abin zai iya mana banbaraƙwai, amma a Turai harka ce babba mai dokokinta da kayanta, har da masu kai ɗauki in an samu matsala a saman dutse. Cikin wuraren da abin ya fi kafuwa akwai yankin Lake District da ke gundumar Cumbria a arewa maso yammacin Ingila.

Yankin da hanyoyinsa

A 1951 aka ayyana Lake District a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa, a 2017 kuma UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,362. Nan ne dutsen da ya fi kowanne tsawo a Ingila yake, wato Scafell Pike mai mita 978, nan ne kuma tafkin da ya fi kowanne girma, Windermere, da wanda ya fi zurfi, Wastwater, mai zurfin mita 79. Ruwan sama kam ba a magana, ƙauyen Seathwaite da ke kwarin Borrowdale yana samun sama da milimita 3,000 a shekara, shi ya sa duk wanda ya fita da kare a can ya san da jiƙaƙƙen kare mai taɓo zai koma mota.

Hanyar bakin tafki ita ce mai sauƙi. Zagayen tafkin Buttermere wajen kilomita 7 ne, na Derwentwater kusa da garin Keswick wajen kilomita 16, kusan duk shimfiɗe, tsohon kare ma zai iya in an bi shi a hankali, kuma jiragen ruwan da ke yawo da mutane a manyan tafkunan suna karɓar karnuka, in an gaji sai a ƙarasa a jirgi. Sai ƙananan tuddai irin su Loughrigg mai mita 335, Latrigg mai mita 368 da Catbells mai mita 451, waɗanda yawanci da su ake fara koya wa kare hawa. Manyan tsaunukan kuma wani abu ne daban. Helvellyn mita 950 ne, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin hawansa, Striding Edge, wani siririn doron dutse ne da rami hagu rami dama, akwai inda sai mutum ya sa hannu ya dafa kafin ya sauka. A ganina babu dalilin kai kare wajen, don akwai wasu hanyoyin masu faɗi da za su kai ku ƙololuwa ɗaya ba tare da an sa dabba cikin firgici ba.

Tumaki da maganar igiya

Abin da baƙo bai cika ganewa ba shi ne wannan dutsen da yake gani kamar dajin Allah da ba mai shi, makiyaya ce ta mutane, abincinsu ne. Tumakin yankin da aka fi sani su ne Herdwick, masu furfurar gashi da farar fuska, ana haifarsu baƙaƙe sai su yi ta haske suna girma. A saman dutse ba shinge ake musu ba. Kowace tunkiya ta san yankin da garkensu yake kiwo saboda uwarta ta nuna mata tun tana 'yar ƙarama, ita ma haka za ta nuna wa nata ɗan, a haka garke yake zama a gefen dutse guda shekara da shekaru ba mai tsaronsa. To ka ga in kare ya shigo ya tarwatsa su ba ƙaramar ɓarna ya yi ba, don tunkiya za ta iya faɗawa rami, za ta iya rabuwa da ɗanta, mai ciki kuma gudun kaɗai ya isa ya sa ta yi ɓari ko da haƙorin kare bai taɓa ta ba. Kuma kusan duk mai karen da abin ya faru da shi magana ɗaya yake yi, wai karensa bai taɓa yin haka ba, wasa yake. Tunkiya dai ba ta san wasa ba.

Doka ta yi magana a kan wannan tun da daɗewa. Dokar kare dabbobin kiwo daga karnuka ta 1953 ta mai da shi laifi kare ya kori dabbobi ko ya far musu a filin noma da kiwo, dokar dabbobi ta 1971 kuma ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ke cikin far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar tsayar da shi. Sai dokar 2000 da ta buɗe wa jama'a filayen tsaunuka su yi yawo, amma da sharaɗi: daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole kare ya kasance a ɗaure da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, in kuma kusa da dabbobi ne to ko wane wata ne a ɗaure zai zauna. Waɗannan watannin ba don tumaki kaɗai aka ware su ba duk da lokacin haihuwarsu yana ciki, akwai tsuntsaye da yawa da a ƙasa suke sheƙa cikin ciyawa, kare yana bi ta wajen da shinshine-shinshinensa uwar ta tashi ta bar ƙwai, sanyi ya kama su ko hankaka ya sauko.

Wuri ɗaya ne ake cewa a saki igiya, shi ne in shanu suka biyo ku. Saniya mai ɗan maraƙi tana ganin kare a matsayin abokin gaba, in ta taso karen take nema, wanda ya riƙe igiya gam kuwa shi zai tsinci kansa a ƙarƙashin kofato, an sha rasa rayuka ta haka a Birtaniya. Shawarar hukuma ita ce ka saki karen, ya fi ka gudu, kai kuma ka nemi hanyar fita daga filin, ku haɗu a gaba.

Kashin kare ma magana ce. Yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa shanu ɓari da ƙwan tsutsar da ke kama tumaki, don haka ake kwashe shi a leda a tafi da shi har inda kwandon shara yake. Abin takaici wasu sai su kwashe ɗin su rataye ledar a reshen bishiya ko su cusa ta a ramin katanga wai sai sun dawo, ba kuma za su dawo ba.

Shiri da haɗurran hanya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da iyakacinsa zagayen unguwa ba za a ɗauke shi rana ɗaya a ce sai saman Scafell Pike ba, ana farawa ne da gajerun hanyoyi har tafin ƙafarsa ya yi ƙwari, don tsakuwa da fasassun duwatsun saman suna yanka shi sosai. Ɗan kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba ba a kai shi doguwar tafiya, haka masu gajeren hanci irin su pug da bulldog suna shan wuya da numfashi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa ranar da ake rana sosai zafi kan iya kayar da shi tun mai shi bai ji komai ba, kuma matsalar kare ita ce ba zai tsaya ba in dai kana tafiya, zai bi ka har ya faɗi. Kayan da ake ɗauka ba su da yawa: ruwa da ɗan kwano, abinci, leda, bandeji, tawul, da rigar ɗamara mai mariƙi a baya wadda ta fi abin wuya amfani wajen ɗaga shi. Guzurin mutum kuma a yi hankali da shi, zabibi da inabi da cakulan duk guba ne ga kare. Doka ta ce kare ya sa abin wuya mai sunan mai shi da adireshi in yana waje, kuma tun Afrilun 2016 dole a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata.

Akwai wani abu da sai wanda ya je yake sani. Filayen yankin an raba su ne da katangun dutse da aka jera ba siminti, inda hanya ta ratsa katanga kuma sau da yawa ba ƙofa, sai wani tsanin katako da ake hawa ta nan a sauka ta can. Mutum zai haye cikin sauƙi. Kare mai kilo 30 da ya sha iyo ya jiƙe jagab kuwa sai ya tsaya a gindin tsanin yana kallonka yana kaɗa wutsiya, dole ka sunkuya ka rungumo shi ka hau da shi, taɓo duk a ƙirjinka, shi yana zillo kai kana neman inda za ka sa ƙafa. Wasu tsanukan an yi musu 'yar ƙofa a gefe da ake ɗaga katako kare ya wuce ta ƙasa, amma ba duka ba.

Tafkin ma da yake da daɗin iyo yana da nasa haɗarin. Lokacin zafi wata irin gansakuka mai launin kore da shuɗi takan taso a ruwa, an sha ganinta a Windermere, wata tana da dafin da zai iya kashe kare in ya sha ko ya lashe jikinsa bayan ya fito, don haka in ruwa ya yi kamar an zuba masa koren fenti ko an kafa allon gargaɗi to ba shiga. A cikin ciyawa akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme, ana dawowa sai a bi kunne da hammata da tsakanin yatsu a duba. Akwai kuma wani ɗan maciji dangin kububuwa, shi kaɗai ne mai dafi a Birtaniya, ba ya neman faɗa amma kare mai cusa hanci ko'ina yakan gamu da shi, in ya sare shi ɗaukarsa ake a kai wa likitan dabbobi ba a barinsa ya taka.

Ceto

Masu ceto a tsaunukan nan 'yan sa-kai ne, ba albashi, ana samunsu ta kiran 999 a nemi 'yan sanda sannan a ce masu ceton dutse ake so. Suna da nasu karnukan da aka horar su nemo wanda ya ɓata cikin hazo ko da dare. Wani lokacin kuma karen ne ake zuwa ɗaukowa. A Yulin 2020 wata karya mai suna Daisy, irin manyan nan St Bernard, mai nauyin kilo 55, ta kasa tafiya wajen saukowa daga Scafell Pike saboda ciwon ƙafafun baya, sai da mutum 16 na ƙungiyar ceto ta Wasdale suka hau suka ɗora ta a gadon ɗaukar marasa lafiya suka sauko da ita, aikin ya ci kusan awa biyar.

Labarin da ya fi daɗewa a bakin mutanen yankin shi ne na Charles Gough, wani saurayi mai zane da ya hau Helvellyn a Afrilun 1805 tare da karyarsa Foxie bai dawo ba. Sai bayan wata uku wani makiyayi ya ji haushi kusa da ƙaramin tafkin Red Tarn da ke ƙasan Striding Edge, ya je ya tarar da ƙasusuwan saurayin, karyar kuma tana nan gefensa da ranta. A 1890 aka kafa dutsen tunawa da su biyun a saman Helvellyn, daidai inda masu fitowa ta Striding Edge suke ƙarasa hawa, yana nan har yanzu.