Faɗuwar Jamhuriyar Rum

Jamhuriyar Rum tsarin mulki ne da Rumawa suka kafa wajen shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan sun kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkwin. Ko sunan sarki ba sa son ji, shi ya sa duk shekara sai su zaɓi shugabanni biyu da ake ce wa konsul, kowanne na iya taka wa ɗan'uwansa birki, ga majalisar dattawa riƙe da baitulmali.

Ƙarfin da suka yi shi ya jawo musu. Bayan sun rusa Kartaj, birnin abokan gabarsu a Arewacin Afirka, a 146 kafin haihuwar Annabi Isa, ganima da bayi suka cika gari, masu kuɗi suka yi ta haɗiye gonaki, manomi ya dawo daga yaƙi ya tarar ba shi da ko taƙi. Wakilin talakawa Tiberiyus Girakus ya kawo dokar raba filayen gwamnati ga talakawa a 133, sai wasu dattawan majalisa da yaransu suka far masa da sanduna, suka jefa gawarsa a kogin Tiber.

Amma babbar ɓarakar a soja take. A 107 konsul Mariyus ya ɗebi marasa komai aikin soja, su kuma duk idonsu na kan janar ɗinsu don shi zai nemo musu gona ran da suka ajiye takobi, to wa za su bi, shi ko majalisa? Wani janar mai suna Sulla ya ba da amsa a 88 da ya juyo da rundunarsa kan birnin Rum kanta. Hanyar da ya share ce Juliyus Kaisar ya bi a 49, ya tsallaka kogin Rubikon, iyakar Italiya a lokacin, da sojojinsa, ya murƙushe Pompi, janar ɗin da ke yaƙi a ɓangaren majalisa, har aka naɗa shi mai cikakken iko na har abada. Ran 15 ga Maris 44 'yan majalisa suka sossoke shi da wuƙaƙe wai su ceci jamhuriya, ina, sai ma wani sabon yaƙin basasa.

Magajinsa Oktabiyan ya fi shi wayo nesa ba kusa ba. Ya ci abokin hamayyarsa Antoni da sarauniyar Masar Kiliyobatra a yaƙin Aktiyum a 31, sannan a 27 ya ce ya mayar wa majalisa da mulkinta, ita kuma ta ba shi laƙabin Ogustus. Zaɓe na nan, konsul na nan, amma yawancin sojoji da Masar duk a hannunsa suke, kuma bai yarda a kira shi sarki ba. Ya rasu a shekara ta 14 bayan haihuwar Annabi Isa, ɗan matarsa, wani Tiberiyus ɗin daban, ya gaje shi.