Auna tarbiyya a makarantun Islamiyya na firamare

Auna tarbiyya shi ne bibiyar halayen ɗalibi a rubuce, kamar yadda ake bibiyar karatunsa. A makarantun Islamiyya na firamare da ke Bauchi da Gombe, waɗanda ke haɗa boko da darussan addini, ana ganin sa a katin sakamakon ƙarshen zango, sau uku a shekara. A gefen katin akan jera halaye: zuwa a kan lokaci, tsafta, gaskiya, ladabi, natsuwa, zama lafiya da 'yan aji. Galibi malamin aji ke ba kowanne maki daga 1 zuwa 5.

Ma'aunin kan bi shekarun yaro. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a umarci yara da salla tun suna shekara 7, a tsananta musu a shekara 10. Ga wanda ya shiga makaranta yana shekara 6, hakan ya faɗo a aji 2 da aji 5. Shi ya sa a ƙananan azuzuwa ake duba sallama, cin abinci da hannun dama da yanke farce. A aji 3 da 4 sai alwala a aikace: malam ya tsaya kusa da buta, ya ga ko ruwa ya kai gwiwar hannu, ko an bar diddige a bushe. Manya kuma amana ake gwada su da ita, kamar riƙon monita da mayar da tsintuwa.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen cika katin. Malamin da aji ya yi masa yawa yakan cika shi da ka a makon ƙarshe. Sai yaro mai shiru-shiru ya kwashi maki, alhali tsoron bulala ne ya rufe masa baki, mai yawan tambaya kuma a kira shi fitinanne. Haka ake ɗaukar hadda a matsayin hali, ko da yake yaro kan iya biya hadisin gaskiya tsaf, ya fito tara ya yi ƙarya.

Maganin wannan shi ne littafin lura, inda malam zai riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya gani da idonsa kowane mako. Asuba da Isha'i kuwa makaranta ba ta ganin su, sai ta takardar da iyaye ke sa wa hannu.