Camiguin

Camiguin lardi ne na ƙasar Filifin, tsibiri a Tekun Bohol, kusa da gaɓar arewacin babban tsibirin Mindanao. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 238 ne, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutum 92,808 ke zaune a cikinsa. Duk ƙasar, lardin Batanes kaɗai ya fi shi ƙanƙanta. Yana da gundumomi biyar: Mambajao, wadda ita ce babban birni, sai Mahinog, Guinsiliban, Sagay da Catarman. An cire shi daga lardin Misamis Oriental a 1966.

Tarihin tsibirin na duwatsu masu aman wuta ne. A 1871 dutsen Vulcan ya yi aman da ya rushe tsohon garin Catarman. Abin da ya rage shi ne bangon cocin Guiob na zamanin Sifaniyawa, da maƙabartar garin da ƙasa ta nutse da ita cikin teku. A 1982 aka kafa wani ƙaton gicciye a ruwan domin nuna wurin, kuma da ƙaramin kwalekwale ake zuwa gindinsa. Dutsen Hibok-Hibok, mai tsayin mita 1,332, ya yi ta aman wuta daga 1948 zuwa 1953. Na Disambar 1951 ya fi muni: iska mai tsananin zafi haɗe da toka ta gangaro kan ƙauyukan Mambajao, ta kashe ɗaruruwan mutane, dubbai kuma suka yi ƙaura zuwa Mindanao. Wannan masifa ce ta sa gwamnati ta kafa hukumar sa ido kan irin waɗannan duwatsu a 1952.

Ƙasar da aman wutar ya bari kuwa tana da albarka. A kanta ake noman kwakwa da lanzones, ɗan itacen da ke fitowa a nono-nono, bai kai ƙwan zabo girma ba. Ana matse shi da yatsu sai ɓawon ya tsage, a ci tsokar, amma a kiyayi tauna ƙwallon, don ɗacinsa na ɓata baki. Ana bikinsa da raye-raye a mako na uku na Oktoba. Mazauna galibi mabiya ɗarikar Katolika ne masu magana da harshen Cebuano; harshen asali, Kinamigin, masu jinsa sun yi kaɗan. A makon Ista dubban masu ibada kan zagaye tsibirin da ƙafa, tafiyar kilomita 64 da ake kira Panaad.

Mafi yawan baƙi na shiga ta jirgin fito daga garin Balingoan na Mindanao zuwa tashar Benoni, tafiyar kusan awa ɗaya, amma akan dakatar da shi idan teku ta yi fushi. Akwai kuma ƙaramin filin jirgin sama a Mambajao. Cikin tsibirin, ɗan acaɓa da ake kira habal-habal ne ke kai mutum ko'ina.

White Island, da ke cikin teku kusa da Mambajao, tudun farin yashi ne kawai, babu ko bishiya ɗaya, kuma siffarsa na sauyawa da cikar teku da janyewarta. Da asuba ake zuwa. Wanda ya bari rana ta take zai ƙone. Ruwan Katibawasan na zubowa daga tsayin kusan mita 70, da sanyi ƙarara. Hawan Hibok-Hibok yana buƙatar takardar izini da ɗan jagora, kuma bayan ruwan sama hanyar na da santsi ƙwarai.